Awa goma sha biyar a kujerar roba

Litinin, 3 ga Maris
Auta za ta haihu wata mai zuwa a can ƙasar waje, kuma zan je. Babban ɗana ya duba a waya: awa goma sha biyar a sama ba sauka, kusan kilomita dubu goma sha uku. Ya miƙo min wayar yana wani cika yana batsewa. Na ce to, da ƙafa aka ce zan taka?

Alhamis, 6 ga Maris
Likita ya danna ƙafata, yatsansa ya bar rami. Wai jini zai iya daskarewa in na daɗe a zaune. "Mama, ban ba ki shawarar tafiyar nan ba." Yaron da na girmi uwarsa. Ni da na tsufa a kan keken ɗinki za a koya wa zama?

Asabar, 8 ga Maris
Na gama kayan jariri, har da 'yar hula. Suna cikin akwati.

Lahadi, 9 ga Maris
Na yi gwaji don in rufe musu baki. Na cusa kujerar roba tsakanin gado da bango, yadda gwiwa ba ta miƙuwa, na ɗaure ƙuguna da ɗankwali. Surukata ce ta fito a matsayin ma'aikaciyar jirgi. Ta kawo abinci a faranti tana danne dariya, wai "Ranki ya daɗe, shayi ko lemo?" Na ce ta kiyaye ni.

Da safe lafiya lau. Da rana ƙafa ta fara zugi, ban tanka ba. Zuwa yamma silifas ya ƙi fita. Ita da babban ɗana suka ɗaga ni. Ko kusa da sha biyar ban kai ba.

Kujerar ce ba ta da kyau. Ta jirgi ai da katifa.

Laraba, 12 ga Maris
An kai wa Auta gulma, na san wane ne. Da ta kira waya na shirya faɗa, sai ta ƙi yi. Ta yi dariyar ɗankwalin, ta ce a jirgi ana tashi a ɗan zaga. Na ce kin gani? Ina jin numfashinta, irin na mai nauyin ciki.

"Mama, rabin hanyar nan teku ne. In ƙafar ta tashi, ba inda za su sauke ki. Ina son yaron nan ya san ki."

Na ce caji ya ƙare. Raina ya ɓaci sosai, kuma na rasa da wa.

Juma'a, 14 ga Maris
Zan je. Ban ce yaushe ba.

Na kwashe kayan jaririn daga akwati na zuba a kwali, gobe a kai gidan waya. Don akwatin ya yi nauyi ne kawai. Hular na cire na ajiye ƙarƙashin filo. Ta yi wa sabon haihuwa girma, sai ya fara tafiya za ta zauna masa. Da hannuna zan sa masa, a ɗakin nan.