Mai Gudu a Gindin Badala

Zuwa ga ƙanena Habu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta addini da ta zumunci, ina fatan duk inda kake, kana cikin kulawar Allah.

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a unguwa. Wai bayan sallar asuba ana ganin wani mutum yana gudu a gindin badala, jikin ganuwar birni, daga wajen Ƙofar Na'isa, hannunsa na hagu dafe da kwiɓi. Wai kai ne. A bakin mai shayi na fara jin ta, na ce masa ya rage ganye. Ka san ni. A gaban Goggo muka tashi muna jin labarin aljanun kuka, na iya rabe labarin da ake yi don yara su yi barci da wanda ake yi don manya su kasa. Na ajiye wannan a cikin na yara.

Ka tuna ranar da muka dawo daga binne Ummi, 'yarka? Sikila ce ta tayar mata, ƙaramin asibitin unguwa ba shi da firjin ajiye jini, kafin a samo daga wani wuri ta cika. Ba ka yi kuka ba. Bayan an share makoki ka same ni a zaure, ka ce za ka shiga gudun fanfalaki, 'yan kasuwa sun yi maka alkawari in ka kai ƙarshe za su haɗu su sayi firji da janareta. Na ce maka malamin makaranta guda, da gemunka, ka rasa abin yi sai tsere.

Mun manta garin da muke ciki. A cikin birni magidanci ba ya gudu. In ka ga babba ya zuba a guje a lungu, to ko gobara ce, ko ɓarawo, ko tarzoma ta tashi. Ga shi lokacin soja ne, kowa a tsorace. Wata asuba ka fita, masu sintiri suka hango mutum yana gudu, suka ce ya tsaya. Ko ka ji ko ba ka ji ba, Allah ne masani. An dai ce an ga an jefa ka a bayan mota. Takalminka ɗaya muka tsinta.

Yanzu mulki ya dawo hannun farar hula, ana ta sako mutane. Duk gidan da aka ce wani ya dawo sai na je barka, in zauna ina kallon fuskarsa, in ambaci sunanka. Babu wanda ya taɓa jin sa. Matarka ba ta yi takaba ba, ba ta kuma yi aure ba. Malamai sun yi mata bayani, ta ce ta ji, ta gode. Firji kuwa har yau babu. Kwanan baya mun binne wani yaro a layinmu, ciwonsa ɗaya da na Ummi.

Daga maƙabarta ban zarce gida ba. Na bi ta wajen 'yan kasuwar nan, waɗanda suka rage a raye, na tambaye su ko alkawari yana nan. Suka dubi furfurata suka ce yana nan, Malam Sabo, amma ka fara yin wasiyya.

Ranar da na fara gudu da jamfa da hula na fita, don ban ga yadda zan nuna wa mutanen unguwarmu Mandawari ƙwaurina ba. Ban yi nisa ba na ji ana jan ƙofofin shaguna. Mai ƙosai ta sauke kasko ta shige gida. Da na waiwaya sai ga jama'a a bayana a guje, har da tsohon ladan da sandarsa, kuma babu wanda ya san abin da ya koro mu. Sai da liman ya yi sanarwa a masallaci cewa atisayen tsere nake yi. Yanzu in na fita ina tafe ina cewa lafiya ce, lafiya ce, kamar mai talla.

An sha dariya, ni ma na yi. Amma da na koma zaure aka kawo min koko, har ya huce ban taɓa shi ba. Kai babu wanda ya yi maka sanarwa, Habu.

Hanyarka nake bi yanzu. Numfashi ya fara yi min tsawo, gwiwa ce dai ke gardama, ga ranar tseren tana matsowa. Akwai wurin da ganuwa ta zube, kusa da kududdufi, inda kullum nake jin takun wani a bayana, yana tafiya daidai da nawa, sai dai ya fi nawa sauƙi. Ba na waiwayawa. Na kuma lura in na gaji hannuna na hagu yana tafiya kwiɓi da kansa, irin na Baba, irin naka. Sai na ce ashe ni ne mutane ke gani. Na kwantar da hankalina da wannan, duk da na san maganar ta girmi guduna.

In kana raye, Allah Ya kwance ka Ya dawo mana da kai. In ka riga mu, Allah Ya haɗa ka da Ummi a inuwa ɗaya, Ya yafe maka. Ni kuma Ya ara min gwiwa in kai inda ka yi niyya, don yaran da suka rage.

Shekaranjiya ƙafar ta kumbura, ban fita ba, a zaune ma na yi sallah. Da hantsi aka yi sallama, aka ce min yau an gan ka da ido, ba labari ba. Ka tsaya a bakin lungunmu kana haki, kana duban ƙofata kamar mai jiran wanda ya makara. Mai faɗar ba ta cikin masu yawo da magana, kuma duk shekarun nan in aka kawo mata zancen tashi take yi ta bar wurin. Hajara ce, matarka.

Naka,
Yaya Sabo