Yayen Najiba

Litinin, 16 ga Yuni, 2025
Ɗan farina ya zo Ƙanƙara daga Zariya. Ko a nan ba zan rubuta sunanshi ba. Wai Turawan Jamus sun ɗauki nauyinshi shekara biyu, bincike bayan digirin dakta. Wani haske mai tsanani, leza, ake harba wa ƙwayar zarra a ga yadda za ta yi. Na ce Allah ya sa albarka. Sai ya sunkuyar da kai: tallafin har da iyali, Inna. Da jikata Najiba za su tafi.

Alhamis, 19 ga Yuni
Yaye aka kawo min ita, na sati biyu. Yau shekarunta bakwai, ba wanda ya zo ɗauka. Ƙyanda a bayana ta yi ta. Alifun a allona ta koya. Yanzu da Bature zai biya jirgi, an tuna ɗiyarsu ce.

Juma'a, 27 ga Yuni
Ɗan fari ba a jayayya da shi ido da ido. Na aiki ƙanena Malam Mani ya gaya mashi. Ya dawo min da: "Yaya, yaro ya fi ki hujja. Duba garin nan." Na aike shi roƙo, ya dawo lauyansu.

Asabar, 5 ga Yuli
Najiba ta ce, "Tsohuwa, a can ma za ki dame ni da tilawa?" Na ce wa zai bi ki, ƙazama. Ta ɗauka wasa nake, tare za mu. Ban gyara mata ba, kuma wannan kusa da ƙarya ne. Astagfirullah.

Lahadi, 13 ga Yuli
Haƙƙin uba ne. Na sani. Saninshi bai sa na ci tuwo ba.

Laraba, 16 ga Yuli
'Yan bindiga sun kwashe masu noma a hanyar Yargoje, har da yarinyar maƙwabciyata Mairo da ta kai wa babanta fura. Ajinsu ɗaya da Najiba. Na je jaje.

Talata, 22 ga Yuli
Na kai Najiba wajen mai hoto, bakin kasuwa. Ya ce na fasfo sai fuska ta fito sosai, ni na ja mata hijabin baya da hannuna. Ban ce na yarda ba. Na dai ce ya wanke min biyu a kan wanda iyayenta suka nema.