Wandunan Salim

Litinin, 6 ga Mayu, 2024

Yau ma wando uku. Ni na wanke, na shanya can bayan ɗaki inda matan gidan haya ba su gani. Salim jikana, shekara bakwai, ɗan aji biyu, wai shi ne ke kashi a wando kamar na goye. A Zugu ko yana ɗan shekara uku bai yi haka ba. Wata takwas ke nan da 'yan bindiga sunka koro mu Gummi, wata biyar da fara wannan abu.

Na tsinci ragowar littafinsa na makaranta, na ce bari in riƙa rubutu, kada yaƙi da jahilcin da na yi ya tafi a banza. Da a gida ne, katanga kawai zan leƙa in kira Maimunatu mu zanta. Nan wa na sani?

Alhamis, 9 ga Mayu

Ubansa ya dawo daga kabu-kabu, ya ji wari, ya ciro tsumagiya. Ya ce iskanci ne da lalaci. Ban hana ba.

"Ubansa" kawai nake ta rubutawa. Ɗan farina ne, shekara talatin da huɗu ban taɓa faɗin sunansa ba, ko a takardar nan alƙalami ba ya yarda. Haka munka taras. Ita ma Nusaiba matarsa haka take da Salim, ba ta kiran sunansa, ba ta jansa a jiki, sai dai "kai" da "yaron nan". Yarinya mai kunya, shi ya sa tun farko ta kwanta mini a rai.

Na ba shi jiƙon bagaruwa, tunda abin ruwa-ruwa yake fitowa. Gudawa ce mana.

Asabar, 11 ga Mayu

Na yi ɓaranɓarama.

Muna tsakar gida da mata ana tsince shinkafa, ya zo wucewa yana bin bango. Tun yana rarrafe nake ce masa maigidana, shi kuma ya ce mini amarya mai haƙori biyu. Sai bakina ya kuɓuce, na ce, "To maigida, da wannan warin za ka aure ni? Na fasa." Mata sunka kwashe da dariya. Wasan kaka da jika ne fa, har kakata ta yi mini wanda ya fi wannan. Ya tsaya ya dube ni, bai rama ba.

Laraba, 15 ga Mayu

Yaran gidan sun kai maganata makaranta. Kwana uku bai je ba.

Juma'a, 17 ga Mayu

Ya daina cin tuwo. Loma biyu ya ture kwano. Nusaiba ta ce mini, a hankali, tana ganin don kada ya ji bayan gida ne. Wuyansa har ya fito. Ubansa ya ce in abin bai tsaya ba kafin Babbar Sallah, zai cire shi daga makaranta, ya huta da abin kunya.

Yinin yau Zugu nake ta gani. Makewayinmu a bayan tsamiya, shararre, da tulun ruwa da toka. Mijina marigayi Malam Tukur da hannunsa ya gina, ya ƙanƙanta bakin ramin saboda jikoki. Da hantsi matan Fulani su shigo da nono, Salim ya shanye ludayi uku yana tsaye. Nan kuwa masai ɗaya, ɗaki goma sha ɗaya, ga kyankyasai, ƙofar buhu, ka shiga wani na yi maka gyaran murya.

Ko wa ke shan tsamiyar nan bana?

Talata, 21 ga Mayu

Mun kai shi asibiti, ni da Nusaiba. Wata jami'ar lafiya, Malama Zainab, ta kwantar da shi ta latsa cikinsa, ta kamo hannuna ta ɗora. Tauri kamar an cusa goriba. Ta ce ba gudawa ba ce. Riƙewa yake yi, ƙila tsoron masai, har bayan gidan ya taru ya sandare, shi ne mai ruwan ke zurarowa ta gefe, shi kuma ba ya ma jin fitarsa. Ta tambayi abin da ake ba shi. Na ce bagaruwa. Ta ce a bari, ƙara ɗaure shi take yi. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Ta rubuta maganin da zai sassauta cikin, ta ce abin na wata da watanni ne, kuma zai riƙa komowa jefi-jefi. Ruwa da yawa, zogale, rama, gwanda in an samu. A nemo fo, bayan kowane abinci ya ɗan zauna, ko ya yi ko bai yi ba, wani na kusa da shi yana ɗebe masa kewa. Ba duka, ba gori. Da ta ce gori ni ta kalla, ko kuwa ni na ga haka.

Sai ta ce wa Nusaiba, ke za ki riƙa zama da shi. Nusaiba ta sunkuyar da kai. Na yi maza na ce ɗan fari ne, ni zan yi.

"Inna," in ji Malama Zainab, "cikin yaro bai san ɗan fari ba."

Yaran zamani da baki.

Alhamis, 23 ga Mayu

Na kewaye lungun bayan ɗaki da zana, na ajiye fo. Ya ƙi zama in ina wurin. Na roƙe shi, na ce maigida a yi haƙuri. Ya ce, "Ki tafi, kin ce ina wari."

Na tafi. Wallahi abin ya ci ni.

Lahadi, 26 ga Mayu

Nusaiba na son zuwa wurinsa, ina gani. Ta ɗauki buta, ta dube ni, ta ajiye. Ni ce katangar ashe. In ce mata je ki, bakina ba zai iya ba, ita ma kunnenta ba zai ɗauka ba. Don haka na ƙirƙiro dubiya. Kullum da an karya kumallo sai in yafa mayafi in ce zan je gaida wata mara lafiya. Ba wata mara lafiya. Gindin dalbejiyar bakin titi nake zama ina kallon babura, kamar wadda aka kora.

Lahadi, 2 ga Yuni

Hadari ya taso, na komo da wuri. Daga zaure na ji murya a bayan zana. Nusaiba ce ke ba shi labarin akuyarmu ta Zugu da ta cinye wa liman rawani a shanya, yana ƙyalƙyala dariya. Sai na ji ta ce, "Yauwa Salim, ka ga ka iya." Sau biyu ta faɗi sunan. Na tsaya a zaure ruwa na feso mini har sunka gama.

Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Shekarar da aka yi ƙyanda a Zugu, uban yaron nan yana da shekara biyar, yana ɗakin kakarsa, can aka kai shi tun yaye. Na ɗauko ruwa daga rijiya, ya hango ni ta ƙofa, jikinsa duk ƙuraje, ya miƙo hannu yana kuka. Dangin Malam na zaune a tsakar gida. Na wuce da tuluna ko waiwaye ban yi ba. Ranar an yabe ni, anka ce Ladidi akwai kunya. Na shiga madafa na hura wutar da ba ta mutu ba, don a ce hayaƙi ne.

Litinin, 10 ga Yuni

Kwana biyar ba wanki. Ya koma makaranta. Ya cinye kwaɗon zogale har ya ce gishiri ya yi kaɗan, ji mini ɗan nema.

Laraba, 12 ga Yuni

Ya wuce ni ina taunar goro ya ce, "Amarya, saura haƙori nawa?" Na bi shi da muciya. Kai, na ji daɗi.

Asabar, 15 ga Yuni, jajibirin Sallah

Abin ya komo. Malama Zainab ta faɗa dama. Tela ya kawo kayan Sallah, yaro ya gwada, ya tafi nuna wa abokai, ya dawo yana tafiya a buɗe. Sabon wando.

Ba ni son rubuta sauran yau.

Talata, 18 ga Yuni

To, ga yadda anka yi, don kada in mance.

Ubansa na tsakar gida yana wanke babur. Ya ga wandon, ya miƙe ya ciro tsumagiya daga rufin rumfa. Salim bai gudu ba, hannu kawai ya miƙa wajen uwarsa. Nusaiba ta taka ɗaya ta tsaya, don ga ni, ga matan gida. Hannun nan na gani. Ban san sadda sunan uban ya fito daga bakina ba, da ƙarfi kuma, har mai dakan can ta tsai da taɓarya.

Uban ya waiga wajen zaure yana neman wanda ya kira shi. Bai san sunansa da muryata ba. Da ya gane, tsumagiyar ta sauka da kanta. Na ce masa ciwo ne, ba iskanci ba, kuma ni na ƙara masa da bagaruwa, in duka ne da ni ya kamata a fara. Na ce wa Nusaiba, "Ɗauki ɗanki." Ta ɗauke shi a gaban kowa.

Mata sun yi ta ƙus-ƙus, wai tsohuwa ta fara ruɗewa. Su yi.

Maganar cire shi daga makaranta ba ta sake tasowa ba. Yau da safe na ga uban tsugune a bakin zana, ya juya baya, yana yi wa yaron bayanin yadda ake canza giyar babur. Da zai fita ya tsaya a ƙofata ya gaishe ni, ya daɗe yana gyaran hular da ba ta karkace ba, kamar mai jiran a ce wani abu. Na ce Allah ya tsare hanya. Sau ɗaya ai ya isa, ba sabo zan yi ba.

Gwanda ta ƙare, a tuna gobe.

Auwalu.

Alƙalamin dai bai karye ba.