Wa Zai Ja Waƙar Sarakuna?

Jayuya, 12 ga Oktoba, 1987

Yaya Nereida,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ya jami'a? Mu nan ƙalau, sai ruwan sama da ya hana mu sakat. An fara tsinkar kofi. Kwandona ba ya cika da wuri, Kawu Cheo ya ce ni da kunkuru uwarmu ɗaya. Da kina nan da kin rama mini.

Har yanzu a gefena na gado nake kwana, ban matsa tsakiya ba. Kaka ta sauko da Sarakuna Uku, waliyyan nan namu da aka sassaƙa da katako bisa dawakinsu, daga kan kabad ta goge su, wai kada idinsu na shida ga Janairu ya riske mu ba shiri. Yaushe za ki zo?

Ƙanwarki,
Migdalia

San Juan, 25 ga Oktoba

Autarmu,

Na gaishe ki, ki ce da Kawu Cheo tumbinsa ne ya fi kama da kunkuru.

Ga wata magana, amma kada Mami ta ji tukuna. Malamarmu ta ilimin tsirrai ta kira ni, ta ce in shiga shirin zaƙaƙuran ɗalibai. Aji ƙarami, malami guda yana kula da ke, a ƙarshe ki rubuta bincikenki na kanki. Ni a kan cutar ganyen kofi zan yi. Abokiyar ɗakina Ivelisse ta ce, "Ke dai jakar karatu ce. Aiki ninki biyu saboda layi ɗaya a takardar shaida?" Amma Auta, tun ranar nake ta murmushi kamar wawuya.

Matsalar ita ce, sabbin shiga za su tafi Costa Rica biyu ga Janairu, sai ƙarshen wata. Kin san me ke nan. Me kika gani?

Yayarki mai ƙaunarki,
Nereida

Jayuya, 3 ga Nuwamba

Yaya,

Ina gaisuwa. Kin tambaye ni, to ga abin da na gani: kada ki shiga. Kin riga kin fi kowa ilimi a dutsen nan, me kuma kike nema?

Ban faɗa wa Mami ba, a fuskata ta gani, ta tsare ni har na faɗa. Ta ajiye wuƙar da take fere ayaba ta ce, "Alkawarin Sarakuna ba biki ba ne da za a ɗaga. Ke Auta, kina jaririya numfashinki ya tsaya, kakarku ta durƙusa ta yi alkawari, in kin rayu za a yi musu waƙa a gidan nan kowane jajibirin idinsu. Da Kaka muryarta ta mutu, Nereida ta karɓa. Wa zai ja waƙar, ni da muryar agwagwa?" Papi ya ce, "A bar yarinya ta yi karatunta mana." Mami ta ce, "In wani abu ya sami autata, kai za ka amsa?" Sai ya ɗauki addarsa ya fita.

Ni ba tsoron mutuwa nake ba, Yaya. So nake ki dawo kawai.

Migdalia

San Juan, 14 ga Nuwamba

Auta,

Gaisuwa gare ki da kowa. Ku kwantar da hankalinku, ba zan shiga ba. Ivelisse ta fi ni gaskiya, wahala ce kawai. Mutane nawa suka gama ba tare da shirin ba, kuma suna cin abincinsu? Ƙarshen wata zan gaya wa malamar. Ki roƙa mini albarka wurin Mami da Kaka.

Nereida

Jayuya, 20 ga Nuwamba

Yaya,

Bayan gaisuwa. Da na karanta wasiƙarki na yi tsalle har kaji suka watse. Da na sake karantawa sai na ga babu zolaya ko ɗaya a ciki, ko Kawu Cheo ba ki taɓa ba. Ba haka kike rubutu ba.

Na sami Kaka tana shanya kofi, na tambaye ta ko dole ke ce. Ta ce, "A al'ada, wanda aka yi alkawarin dominsa shi ke ɗauka in ya yi wayo. Mun ga ko gaisuwa da ƙyar take fita daga bakinki, shi ya sa muka yi shiru." Ashe shekara da shekaru kayana kike ɗauke da shi.

Na ce zan ja. Kawu Cheo ya yi dariya har ya ƙware. "Ke? Sai dai Sarakunan su sauko daga dawakinsu su kasa kunne!" Amma washegari ya zo da ƙaramar jitarsa. Can ƙasan gona muke koyo, inda ba kowa sai itatuwa. Mami ta yi kuka, daga baya ta yarda.

Kada ki ce wa malamar a'a. Ban san ko shirin ya cancanci wannan duka ba, ke za ki gaya mini. Ki yi sauri ki amsa mata kafin in canza ra'ayi, don kullum da safe sai na canza.

Ƙanwarki,
Migdalia

Jayuya, 7 ga Janairu, 1988

Yaya,

Ina gaishe ki a can Costa Rica, in adireshin nan daidai ne.

Na ja waƙar. Gida ya cika har baranda. A baiti na biyu muryata ta shaƙe, Kawu Cheo ya yi ta maimaita kiɗan yana hararar masu tari har na dawo. Na kai ƙarshe. Mami ta ce an biya alkawarin bana, ta ba ni shinkafar kwakwa kafin kowa.

Duk inda jama'a ke amshi, ta wajen ƙofa nake kallo.

Kaka ta ce daga yanzu alkawarin nawa ne, ba sai kin zo ba baɗi. Ki zo duk da haka.

Migdalia