Ciyawar Ƙofar Gida da Akuyar Goggo

Malam, don Allah ka taimake ni da shawara, kunya ta hana ni kai maganar nan gaban kowa.

Ni malamin gona ne a Ƙanƙara, ina zaune a sababbin gidajen da aka gina wa ma'aikata. Mu mazauna wurin muka kafa ƙungiya, muka yi doka kowa ya shuka ciyawa a ƙofar gidansa irin ta gidajen Kaduna, wanda ya bar tasa ta bushe a ci shi tara. Har da ni aka ɗaga hannu. Sai ga farin nan na bana. Rijiyoyi suka ja baya, hakimi ya sa aka yi shela cewa ruwan rijiya na sha ne da girki da dabbobi kawai. Amma shugabanmu Alhaji Barau ya ce dokar ƙungiya tana nan daram. Tsoron a kira sunana a taro ya sa na riƙa sayen ruwa wurin 'yan ga-ruwa ina ba ciyawa a ɓoye.

Ran kasuwa Goggo, ƙanwar mahaifina wadda ta goye ni, ta zo daga Tafoki janye da akuya ɗaya da ta rage mata, za ta sayar don ba abin ba ta. Ina wurin aiki. Ta ga ƙofar gidana kore shar, ta ɗauka Allah ne ya kawo mata sauƙi. Ta fasa kasuwa, ta aro lauje ta yanke fiye da rabi, ta ɗaure dami. Na dawo na tarar maƙwabta na dariya. Malam, tsawa na daka mata a gabansu, har na ce mata baƙauya. Ta kwance damin ta shimfiɗa inda ta yanko, ta ja akuyarta ta tafi, ko ruwa ba ta sha ba.

Tun ranar ban ƙara zuba ko ɗigo ba. Ciyawar ta bushe, an ci ni tara. In biya? Kuma da wane ido zan dubi Goggo?

Mai Sunkuyar da Kai, Ƙanƙara

Ɗan'uwa, Alhaji Barau yana da tasa hujjar: kun yi alkawari tare, kuma son kyan unguwa ba aibu ba ne. Sai dai dokar unguwa ba ta hawa kan ta hakimi, ba a kuma cin mutum tara don ya bi umarnin na gaba. Kada ka biya, kada kuma ka ɓuya. Ka miƙe a taro ka faɗi yadda aka yi ciyawarka ta yi kore. Na tabbata ba kai kaɗai kake sayen ruwan ba. Ka nemi a jingine tarar har damina ta sauka, a tsaya kan shara da tsabta. In Alhaji Barau ya ƙi, ku je ga hakimi cikin ladabi. Ban da tsawa, ka riga ka gwada ta.

Amma Tafoki ce farko. Busasshiyar ciyawa ma dukiya ce a bana. Ka yanke sauran da hannunka da rana tsaka, maƙwabtan nan na kallo, ka haɗa da damin da ta bari da buhun dusa, ka ɗaure a bayan babur. Ka durƙusa ka nemi gafara. In ka tarar ta sayar da akuyar, ka sayo mata wata kafin ka bar garin.

Allah ya sanyaya zuciyar Goggo, ya saukar mana da damina mai albarka.