Maɓallin da Ke Kunna Ɗaya Ya Kashe Ɗaya

Zuwa ga hasken idona, sanyin zuciyata, inuwar da nake fakewa in rana ta take, maigidana kuma injiniyan falonmu,

Ba zan taɓa mance Talatar nan ba, ranar da ka shigo fuskarka tana sheƙi kamar ganye bayan ruwan sama, hannunka ɗaya a ɓoye a baya. Ƙirjina ya buga! Na ce yau abin da nake karantawa a littattafai ya zo gidana. Turare ne, ko zobe? Sai ka miƙo mini rimot. Ka ce, "Amarya, daga yau wannan kaɗai zai riƙe talabijin da dikoda da sifika." Tsofaffin rimot ɗinmu ukun kuwa ka tafi da su wurin aiki, wai don kada in koma gidan jiya.

Ya abin begena, tun daga ranar talabijin da dikoda suka zama rana da wata. In na danna jan maɓalli, ɗaya ya farka, ɗaya ya kwanta. In na ƙara murya, tasha ce take canjawa. Shekaranjiya, daidai lokacin da jarumin wasan da nake bi ya buɗe baki zai faɗi abin da ya ɓoye wata uku, na ƙara murya, sai ga ni a wurin masu kiwon kifi. Shin akwai zuciyar da za ta ɗauki wannan?

Ka tuna ranar da ruwa ya tare mu a ƙofar gidanmu, ka riƙe mini lema kai kana jiƙewa, kana kallona har ka manta abin da ka zo faɗa? Wannan kallon yana nan, bai mutu ba. Jar fitilar rimot kake yi wa shi yanzu, tun daga la'asar, kana danna lambobi, abinci yana hucewa. Ita ta ƙifta maka sau biyu ka yi murmushi. Ni na ƙifta har idona ya gaji.

Da na ce mu duba ɗan littafin da ya zo a kwalin, dariya ka yi. Ka ce, "Ke da littattafanki! Wannan ba a kuka a cikinsa." To, ya rabin raina, na karanta shi tas, shafi talatin da biyu, ba jarumi ba jaruma, kuma na kusa yin kuka. A shafi na sha ɗaya aka ce a zare sauran na'urori daga soket, a koya wa rimot ɗaya bayan ɗaya. Lambar farko da kake ta sakawa, talabijin da dikoda duka suna amsa ta. Ta uku ce tamu.

Sau biyu ina gyara shi kana wurin aiki. Na farko ka dawo ka danna, komai ya tashi lafiya, ka ce, "Kin gani? Dama na ce sai ya huta." Ka kira wanka, Yaya Babba, a waya ka ba shi labarin ƙwarewarka, ina tsaye da tire a hannu. Na biyu ma haka. Na bar maka yabon, don a littattafai mace takan ɓoye alherinta har babin ƙarshe, sannan a gane a rungume ta. Ni babin ƙarshe bai zo ba. Fanka ce ta zo, da ka ce ita ma sai ta shiga rimot, ka goge komai. Yanzu in aka kashe murya, fanka ce take tsayawa.

Ga shi ka gayyaci Yaya Babba da abokansa kallon ƙwallo ranar Asabar, su ga aikin hannunka. Ka san bakin Yaya. Shekara zai yi yana tsokanarka a gaban kowa, ni kuwa ba na son a taɓa maka ko gashin gira.

Ina sonka kamar yadda ƙasa take son ruwan farko, kuma taka ce ni har numfashina na ƙarshe. Minti biyar aikin zai ɗauke ni. Amma na daina gyarawa a ɓoye. Ba zan taɓa rimot ɗin nan ba sai ka zauna kusa da ni, ka ce da bakinka, "Amarya, koya mini."

Matarka.