Wane Zunubi Rahila Za Ta Furta?

Zuwa ga Baba Rabaran da Majalisar Dattawan ikilisiyar ƙauyenmu, wadda ke zaman hijira a Zuru.

Ina gaishe ku da ladabin da ya wajaba a kan ɗa ga iyayensa. Ina fata kuna lafiya, ku da iyalanku da jama'ar da kuke kiwo a wannan mawuyacin zamani. Allah ya ƙara muku ƙarfi, ya mayar da mu gida da rai.

Sunana Bulus, ɗan marigayi Baba Ishaku, kuma ni ne wan Rahila. Ina koyarwa a wata makarantar sakandare a nan garin. Kun san ni, ba na tashi in yi magana a taro, kuma da akwai wata hanya da ban ɗauki alƙalami ba. Na same ku a keɓe, ba sau ɗaya ba, amsar kuwa ba ta sauya ba: majalisa ta riga ta yanke. Wani zai ce na tona asirin gida. Amma tun ranar da aka kira sunan ƙanwata a gaban jama'a, babu sauran asirin da zan tona. Na karanta mata wasiƙar nan kafin in aiko ta, ta ce in bar sunanta yadda yake.

Saboda waɗanda ba su san maganar ba, ga yadda ta faru.

Rahila matar Ayuba ce. Ayuba ya yi golmo a gonar mahaifinmu, wato noman da saurayi ke yi wa surukansa shekara da shekaru kafin a ba shi mata, sannan ya shiga soja kamar yawancin samarinmu. A fagen daga ya mutu, can arewa maso gabas, ba a kawo mana gawarsa ba. Rahila ta kwashe kayanta daga bariki, ta koma ƙauye bayan Ribah da 'ya'yanta mata biyu, ta kama noma. A majami'a ita ce ke kiɗa tulu idan zumuntar mata ta tashi waƙa.

Da kakar bara dawa ta nuna, amma ba namijin da ya isa ya je yanka, domin 'yan bindiga na harbe duk wanda suka tarar a gona. Aka kira taron maza a cikin majami'a, dattawa suka jagoranta. Ina Zuru wurin aiki a lokacin, amma na ji daga bakin waɗanda suka zauna, bakinsu kuwa bai saɓa ba. Aka tsayar da cewa mata su je su yanko dawar, tunda su ba a kashe su. Babu mace ko ɗaya a ɗakin. Bayan sujada aka sanar da su, kamar yadda ake sanar da ranar shara.

Suka je. Aka kama Rahila tare da wasu mata a gona. Sai farkon damina aka sako ta, bayan mun sayar da shanun huɗarmu. Kafin nan ƙauyen ya watse, ikilisiya ta dawo Zuru tana sujada a rumfar kwano. Rahila ta dawo da ciki. Ba ta daɗe da fara zuwa sujada ba sai Baba Sakatare ya tashi ya karanta cewa an sa ta a horo: ba za ta ci Jibin Ubangiji ba, ba za ta ɗaura zanen zumunta ba, ba za ta taɓa tulu ba, za ta riƙa zama a bencin bakin ƙofa har sai ta tsaya gaban jama'a ta furta zunubinta. Rumfar ba ta da bencin da ya ishi mutane, amma an sami wanda ya ɗora katako a kan bulo domin ita. Da ta haihu, namiji, kuka ce ba za a miƙa yaron ga Ubangiji ba sai an karɓi uwarsa. Yanzu kun ba ta wa'adi zuwa Lahadin ƙarshe kafin Kirsimeti: ko ta furta, ko a cire ta daga cikin 'yan ikilisiya.

Ga abin da nake roƙon ku duba.

Na ɗaya, dokar kanta. Ban ce a rushe ta ba. An kafa ta ne domin wanda ya ga hanya biyu ya zaɓi mummunar. Da na faɗa wa Baba Sakatare haka, sai ya ce, "Malam Bulus, doka ba ta da ido. Ciki ba miji, ciki ba miji ne. In muka ɗaga wa ƙanwarka, gobe kowace yarinya sai ta ce daji aka kai ta." Na yarda doka ba ta da ido. Shi ya sa aka naɗa dattawa, domin ku kuna da shi. Babu wanda ke shakkar inda Rahila ta yi waɗannan watanni. Ku da kanku kuka yi azumi domin a sako ta. Ba zan kawo muku aya ba, kun fi ni sanin ayoyi. Tambaya ce kawai: ina hanya ta biyun da ta gani ta ƙi?

Na biyu, wanda ya aika. Ban ce an yanke shawarar ranar nan da mugunta ba. Yunwa ce a gaba, bindiga a baya, kuma da ina ɗakin ban san abin da zan ce ba. Amma kowane namiji da ke wurin ya san abin da ke ɓoye a cikin kalmar nan, "su ba a kashe su". Mun san abin da ake yi musu a madadin kisan. An auna ran namiji da jikin mace, aka ga na biyun ya fi araha, ba a kuma tambayi masu jikin ba. Dawar da matan nan suka samu fitarwa, ita aka ɗauko a buhuna lokacin gudu, ita aka tuƙa a gidaje da yawa har damina ta faɗi, har da gidajen wasu da ke zaune a majalisa. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A nan wasu suka ja, wata aka doka.

Na uku. Wani dattijo, wanda ba zan ambaci sunansa ba saboda furfurarsa, ya ce mini, "Ai wasu sun gudo. Ita me ya zaunar da ita har wata da watanni?" Zan amsa yanzu. Akwai mazan ƙauyenmu da aka kama, su ma suka daɗe. Sun ɗauki kaya wa 'yan bindiga, sun tura musu babura, wani ma an tasa shi gaba da bindiga ya nuna hanya. Da suka dawo mun yi musu sujadar godiya da kiɗa da rawa, kuma daidai muka yi, domin tilas ba laifi ba ce. Ba wanda ya tambaye su abin da ya zaunar da su. Bambancinsu da Rahila ɗaya ne: abin da aka tilasta musu bai bar shaida a jikinsu ba.

Na huɗu, yaron. Na ji abin da ake faɗa a bakin rijiya da bayan sujada. Ana leƙa fuskarsa, ana duba hancinsa da hasken fatarsa, ana cewa ga ɗan Fulani, jinin daji ne, in ya girma sai ya yanka mu. Yaron bai iya zama ba tukuna. Ina so ku san abin da Rahila ta gaya wa gwaggonmu: a sansanin 'yan bindigar ta ji Fulatanci, ta ji Hausa, ta kuma ji C'lela, harshenmu, daga bakin masu kawo musu mai da labarin gari. Matar da ke ɓoye mata ruwa da ɗan fura kuwa Bafulatana ce, ita ma kamo ta aka yi, an kashe mijinta a kan shanunsa. Mu da muka sha jin sunayen da ake kiranmu da su a birane saboda mun fito daga duwatsu, bai kamata a ce mu ne ke auna hancin jariri ba. Muddin majalisa ta ƙi karɓar yaron, tana sa hannu ne a kan wannan magana, ko ba ta faɗe ta ba.

Akwai kuma abin da bencin ya koya wa sauran mata. Ba Rahila kaɗai ta dawo da ciki ba. Wata yarinya da ta ga inda aka zaunar da ita ta je ta sha abin da ta sha a ɓoye. An kai ta asibiti, ba ta dawo ba. A wurin jana'izarta an ce zazzaɓi ne, duk muka gyaɗa kai. Matan zumunta kuwa, waɗanda a da ba a haihuwa su kasa zuwa da itace da sabulu da waƙa, ɗai-ɗai suke shigowa gidana ta ƙofar baya, su ajiye ƙwarya su fita, suna roƙo kada a ce an gan su.

Tun farko Rahila ta ƙi furtawa. Abin da take maimaitawa shi ne, "Me zan ce na yi?" Na yi zaton za ta tsaya a kan haka. Amma makon jiya ta same ni a tsakar gida ina duba aikin ɗalibai, yaron na goye, ta durƙusa ta ce, "Yaya, na gaji. Ba don kaina ba, don wannan. Kada ya tashi ba shi da wurin zuwa ranar Lahadi, yayyensa na ciki shi yana waje. Zan tashi in faɗa. Kai ka yi boko, rubuta mini abin da zan ce, in haddace, kada in tsaya bakina ya mutu."

Na ɗauki takarda. Na rubuta "Ni Rahila, na yi zunubi, domin na", sai na tsaya. Domin ta je gonar da aka aike ta? Domin ba a harbe ta ba? Domin ba ta sha abin da waccan yarinyar ta sha ba? Na yi shekaru a jami'a ana koya mini rubutu, amma ban sami kalmar da zan ƙarasa jimlar da ita ba tare da na yi ƙarya ba. Ita kuwa a shirye take ta yi ƙaryar a gaban Allah, don ku buɗe wa ɗanta ƙofa.

Saboda haka ina roƙonku, da dukkan girmamawa:

A ɗage horon kafin wa'adin ya cika, a sanar a wurin da aka sanar da shi, da muryar da ta sanar da shi. A karɓi yaron a miƙa shi kamar kowane ɗa, Baba Rabaran kuma ya tsawata wa masu duba jininsa. A faɗa a fili cewa duk macen da aka kama ta dawo, da ciki ko babu, ba ta da abin furtawa, don kada mu sake binne wata mu ce zazzaɓi. Sannan duk ranar da za a sake yanke shawarar da mata za su ɗauki nauyinta, a kira su su zauna, a ji bakinsu.

Idan kuwa majalisa ta ga dole sai Rahila ta furta, to ina roƙon abu guda. Ku ƙarasa jimlar da na kasa ƙarasawa. Ku rubuta zunubin da sunansa, da Hausar da kowa zai gane, kowane dattijo ya sa hannu a ƙasa, a aiko mini. Zan ba ta ta haddace.

Allah ya ba ku hikima da tausayi, ya kare ku da 'ya'yanku mata daga abin da ya sami tamu, ya kawo ƙarshen wannan yaƙi a ƙasarmu. Salamarsa ta kasance tare da ku.

Wassalam.

Ɗanku,
Bulus, wan Rahila,
Zuru.